Amsa ga Ƙanena: Wane Baturke Aka Kwance wa Igiyar Shekara Biyu?

Assalamu alaikum ƙanena,

Ranar da muka zauna da ɗalibanmu a Istanbul ka miƙe a gaban jama'a ka ce: "Yaya, an ce Amurka ta cire Turkiyya daga dokar komawa gida. Ke nan duk Baturken da ke can da bizar musaya ya tsira? Mu kuma fa?" Lokaci ya ƙure, na yi maka alkawarin amsa a rubuce. Ga ta.

Bizar musaya ita ce J-1, wadda masu bincike da malaman jami'a da likitoci ke shiga Amurka da ita. A dokar shige da ficen ƙasar akwai sashe na 212(e), wanda ya ce wasu daga cikinsu sai sun koma ƙasarsu sun yi shekara biyu kafin a ba su bizar aiki ta H-1B ko katin zama na dindindin. Igiya uku ke ɗaure mutum: in kuɗin gwamnati ne ya kai shi, ko ya je horon ƙwarewa a likitanci, ko fanninsa yana cikin jerin sana'o'in da Amurka ta ce ƙasarsa na bukata. A ranar 9 ga Disamba 2024 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta sabunta jerin nan, karo na farko tun 2009, ta cire ƙasashe fiye da 30, har da Turkiyya da Indiya da Sin da Brazil. Igiya ɗaya ke nan aka kwance, biyu suna nan daram.

Ga wanda ita kaɗai ta riƙe shi, abin ba ƙarami ba ne, domin sassaucin ya haɗa har da waɗanda suka shiga tun kafin ranar. A ɗakin binciken da nake aiki a Amurka akwai wata Baturkiya, masaniyar sinadarai. Wata da watanni tana tara takardun neman ofishin jakadancinsu ya rubuta cewa Ankara ba ta ƙi zamanta ba. Da labarin ya fito sai ta zaro takardarta ta DS-2019, wato takardar da ake neman bizar J-1 da ita, daga jaka, ta shimfiɗa kusa da ɗan kofin shayinta mai siririn ƙugu, ta ɗora yatsa a kan gidan da aka yi wa alama tana cewa in sake karanta mata. Shayin har ya huce ba ta kurɓa ba. Jami'a ce ke biyan ta, saboda haka ta fita.

Abokin aikinmu da ke tebur na gaba bai ce uffan ba. Shi da tallafin TÜBİTAK ya zo, hukumar binciken kimiyya ta gwamnatin Turkiyya, don haka dokar tana kansa. Haka ɗan Fulbright, shirin tallafin karatu na gwamnatin Amurka. Haka wanda ma'aikatar ilimin Turkiyya ta tura ƙarƙashin doka mai lamba 1416, shi ma har da aikin dole yana jiransa a gida. Likitan da ya zo horo kuwa wasiƙar jakadanci ma ba ta fitar da shi. Hanyar da aka fi bi ita ce shirin Conrad 30, inda kowace jiha ke iya riƙe likitoci 30 a shekara, su yi shekara uku a yankin da ke ƙarancin likita.

Ra'ayina shi ne, wanda talakawan ƙasarsa suka biya wa karatu, bashi ne a wuyansa, ya koma ya biya. Amma wanda ya tafi da guminsa, ban ga dalilin da wata ƙasa za ta tilasta masa komawa ba. Dole ba ta zaunar da ƙwararre. A Maris 2022 Shugaba Erdoğan ya ce wa likitocin da ke barin ƙasar in za su tafi su tafi, suka kuwa ci gaba da tafiya, da yawansu Jamus. Abin da suke kuka da shi albashin da faɗuwar lira ta cinye ne, da dukan da ake yi musu a asibiti. Wanda ya gyara waɗannan zai ga mutanensa sun dawo da ƙafarsu.

Kada kuma ka ɗauka ƙofa ta buɗe wangamam. Tun Yunin 2025 mai neman J-1 sai ya buɗe shafukansa na sada zumunta a duba, sannan H-1B a kamfani sai an yi dace a ƙuri'a, ko da yake jami'o'i ba sa cikin wannan ƙayyadewa.

Mu kuma fa? Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru duk suna cikin sabon jerin. Digirinka na Istanbul ba ya mayar da kai Baturke a idon wannan doka, domin ƙasarka ake dubawa, ko inda kake da izinin zama na dindindin. Saboda haka in wata jami'ar Amurka ta gayyace ka, kafin ka sa hannu ka tambayi ofishin baƙin ɗalibanta lambar fannin da za su rubuta maka a DS-2019, ka duba ta a jerin Najeriya, ka kuma tambaya ko akwai ko sisin gwamnati a kuɗin da za a riƙa biyan ka.

Ka gaida sauran 'yan'uwa.

Naka,
Yayanka