Kafin ka buɗe shagon

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da Hajiya da yara, kuma zafin Yamai bai takura muku ba. Yayanka ya shaida mini cewa ka kama shago kusa da kasuwar Katako, har ka biya kuɗin kwamfuta biyu da injin buga takardu. Allah ya sanya albarka, ya sa a fara a sa'a. Jin haka ne ya sa na ga bai kamata in jira sai mun haɗu da Sallah ba, domin akwai abin da ya samu Alhajinmu mai siminti wanda nake so ka sani tun ba ka jona komai a bango ba.

Ka san ya daɗe da ajiye littafin bashi, ya mayar da lissafinsa duka cikin kwamfutar da ke kan teburinsa, tun daga sunayen magina da ƴan kwangila har yawan buhunan da kowa ya ɗauka da abin da ya rage a kansa. Wata rana da la'asar aka ɗauke wuta, da aka maido ta sai ta zo da ƙarfi, kwamfutar ta mutu nan take. Mai gyara ya kwance ta a gabanmu, muka tarar ƙurar siminti ta daskare a kan fankar ciki har ba ta juyawa, faifan ajiyar kuma sai ƙara yake yi ƙas-ƙas, ya ƙi buɗewa. Alhaji ya sayi wata kwamfutar ba tare da ya ji a jikinsa ba, amma lissafin ya tafi ke nan, domin babu kwafinsa a ko'ina. Yanzu dattijon nan yana bin mutane gida-gida yana tambayarsu nawa yake bin su. Masu tsoron Allah sun faɗi gaskiya, wasu kuwa sun rantse cewa sun biya tun bara, kuma ba shi da abin da zai nuna musu. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Saboda haka ina roƙonka, kowace yamma kafin ka rufe shago ka kwafe lissafinka a faifan waje, ka zare shi ka tafi da shi gida, domin kwafin da aka bari a jone yana iya ƙonewa tare da kwamfutar, ɓarawo ma tare zai kwashe su. Ka ajiye wani kwafin a Google Drive, tunda suna ba da giga 15 kyauta, wanda ya ishi lissafin shago irin naka. Lokaci-lokaci kuma ka buɗe kwafin a wata na'ura ka tabbatar yana karantuwa. Bashi dai, ko da kwamfuta, ka rubuta shi a littafi mai karɓa ya sa hannu.

Batun wuta kuwa ba sai na tuna maka watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke layin da yake kawo mana mafi yawan lantarkinmu, kowa ya koma janareto. Ƙaramin janareto wutarsa hawa take tana sauka, don haka ka sayi ondila, wato akwatin nan mai batir da zai ba ka ƴan mintuna ka adana aikinka ka kashe kwamfuta cikin natsuwa. Sai dai kada ka jona injin buga takardun a jikinsa, domin yana jan wuta da yawa idan yana ɗumama.

Tunda kwamfutocinka biyu ne, ka ware ɗaya ga masu kawo aiki, ɗayar kuma ta lissafi kada kowa ya soka mata filasha, domin ta nan cutar da ke ɓoye fayiloli take yawo daga shago zuwa shago. Ka duba abin da aka saka maka a ciki, saboda Microsoft ya daina gyaran tsaro na kyauta ga Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, kuma wasu kwamfutocin na hannu da ita suke zuwa.

Layin shagon ka yi masa rajista da sunanka, domin ranar da yaron shago ya bar aiki da layi mai sunansa, da masu cinikinka ya tafi. Ka gargaɗe shi kada ya faɗa wa kowa lambobi shida da WhatsApp ke aikowa, ko da mai kiran ya ce daga kamfani yake, kuma kada ya miƙa kaya don an nuna masa saƙon tura kuɗi sai ya duba asusun da kansa. Kai kuma, Malam, na san halinka na rubuta lambar sirri a bayan kalanda tun muna ɗaki ɗaya. A shago kowa yana ganin kalanda, ka daina don Allah.

Idan ka shiga kasuwa ka tambayo mini farashin ondila mai kyau, domin Alhaji yana so, kuma na nan Tawa sun yi tsada. Ka gaishe da Hajiya da yara, mutanen majalisa duk suna gaishe ka.

Naka amini,
daga Tawa.