Roka ba iska take tokara ba

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Don Allah a ba ni ɗan fili, wata magana ce take damuna, duk lokacin da aka ambaci zuwa duniyar wata sai ka ji wani ya ce ai ƙarya ce, wai tunda can sama babu iska to me roka za ta tokara ta yi gaba? Kuma wallahi har masu ilimi suna faɗin haka, shi ne abin da ya fi ba ni takaici.

Roka fa ba ruwanta da iskar waje. Ka ɗauka kana tsaye cikin kwalekwale da tarin duwatsu, duk dutsen da ka wurga baya da ƙarfi sai kwalekwalen ya matsa gaba, ka tura dutse shi ma ya tura ka, doka ta uku kenan cikin dokokin motsi da masanin kimiyya Isaac Newton ya rubuta tun 1687. Abin da roka take wurgawa baya shi ne gas mai zafi. To wuta dai ba ta ci sai da oksijin, jirgin sama daga iska yake zuƙar nasa shi ya sa ba ya wuce inda iska ta ƙare, ita kuwa roka da nata take tashi, tankin mai daban, tankin oksijin daban wanda aka sanyaya har ya zama ruwa a digiri 183 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius. Famfuna masu ƙarfi su tura su ɗakin ƙonawa, zafi ya haura digiri 3,000, gas ɗin ya matso ta wani siririn wuya sannan bakin injin ya buɗe ya fice da mugun gudu. Abin da ya fi burge ni ma, kafin man ya ƙone sai an zagaya da shi ta ƙananan bututu a jikin bangon injin yana sanyaya ƙarfen, in ba haka ba ai narkewa zai yi. Kuma injin ya fi ƙarfi ma a inda babu iska, tunda ba abin da ke danne gas ɗin a bakin fita.

Wahalar gaske nauyi ce. Kafin kumbo ya zauna a falaki yana kewaya duniya sai ya kai gudun kusan kilomita 28,000 a awa ɗaya, man da zai kai shi kuma shi kansa kaya ne da dole a ɗaga. Rokar Saturn V da ta ɗauki kumbon Apollo 11 mai zuwa wata ta kai kusan tan 2,900 lokacin tashi, mafi yawansa mai da oksijin ne, shi ya sa aka yi ta hawa uku, na farko da injina 5 ya ƙona kananzir na minti biyu da rabi sai aka yar da shi ragowar ta wuce.

Wannan kuskuren ma ba mu muka fara shi ba. A 1920 jaridar New York Times ta Amurka ta yi wa masanin roka Robert Goddard ba'a kan ainihin wannan batu, mutumin bai fasa ba, a 1926 ya harba roka ta farko mai amfani da mai na ruwa, jaridar kuwa sai ranar 17 ga Yulin 1969 ta buga gyara, lokacin Apollo 11 tana kan hanyarta ta zuwa wata.

Na gode da ba ni wannan dama, Allah ya ƙara basira.

Naka,
mai karanta jaridarku kullum