Sanarwa: tattaunawar Asabar kan gine-ginen Gotik

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tattaunawarmu ta wannan Asabar, bayan sallar isha'i, za ta kai mu Faransa, mu ga yadda magina suka bar salon Romanesk suka koma Gotik. Ga ɗan abin da za ku riƙe kafin lokacin.

Cocin Romanesk, irin Saint-Sernin da ke Tulus, bangonsa kauri gare shi, bakan gizonsa zagayayye, tagoginsa ƴan ƙanana, ciki kuma duhu-duhu. Rufin dutse yana tura bango waje, don haka dole a kauraro shi. Da Suger, shugaban gidan ibadar Saint-Denis kusa da Paris, ya sake gina ɓangaren gabas na cocin, wanda aka keɓe don ibada a 1144, magina sun yi amfani da bakan gizo mai tsini da haƙarƙarin dutse a rufi, nauyi ya sauka kan ginshiƙai. Daga baya aka ƙara madogarai daga waje, irin na cocin Notre-Dame da ke Paris, wanda aka fara ginawa a 1163. Da bango ya huta da ɗaukar kaya, sai aka cika shi da gilashi mai launi. Ni dai tagogin cocin garin Chartres masu shuɗi sun fi komai burge ni.

Wani abin dariya, sunan Gotik ɗin ma zagi ne da Italiyawa suka laƙaba masa daga baya, wai aikin ƙabilar Got ne, wadda suke ganin ba ta waye ba.

Duk mai hotunan Notre-Dame bayan sake buɗe shi a Disambar 2024 ya turo kafin Juma'a. Don Allah banda tallace-tallace a lokacin tattaunawar.