Sanarwa: Duba Lafiyar Ma'aikata Ranar Talata

Assalamu alaikum ƴan uwa, da fatan an tashi lafiya.

Ranar Talata mai zuwa likitoci za su zo masana'anta domin duba lafiyarmu, daga ƙarfe 7 na safe. Kyauta ne, kamfani ya biya.

Za a auna hawan jini da sukari. Don Allah kar a karya kumallo kafin a ɗebi jini, ana buƙatar awa 8 ba a ci komai ba, ruwa dai ba laifi. Koko da ƙosan bakin ƙofa ba za su gudu ba.

Ƴan sashen injin casa, ku ne abin ji, ga ƙurar ɓuntu ga ƙara. Za ku hura iska cikin bututu a gwada huhu, sannan a gwada kunne. Ƙarar da ta kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), awa 8 kullum, tana cinye ji a hankali, kuma in ya tafi ba ya dawowa. Ni kaina bara sai da likita ya nuna min takarda na yarda kunnena na hagu ya raunana. Ashe gaskiyar uwargida ce da take cewa rediyona ya cika ƙara.

Masu tsoron kora ku kwantar da hankalinku, sakamako tsakaninku da likita ne. Mai shan magani ya zo da kwalinsa. Ƴan aikin dare su dakata, da su za a fara.