Ya karya min memori saboda mawaƙin da ya yi magana kan kiran salla

Assalamu alaikum Anti. Ina gaishe ki, ina gaida masu sauraron wannan fili. Don Allah ki sakaya sunana. Yau kwanana 6 a gidanmu, ko abinci ba na iya ci sosai, don haka in kin ga maganar tawa tana gaba tana baya ki yi haƙuri da ni.

Maigidana ne ya zare memorin wayata ranar Juma'a da daddare, ya karya shi gida biyu a gabana, ya wurga a kwandon shara kamar ɓawon gyaɗa. Wai ina sauraron maƙiyin addini. Waƙa ɗaya ce fa, Anti, ta fim ɗin Indiya Kal Ho Naa Ho, wanda Sharukhan ya fito a ciki a 2003, yana fama da ciwon zuciya yana ɓoyewa har ya mutu a ƙarshe. Duk wadda ta taso a irin gidajenmu ta san yadda muke da finafinan Indiya. Ina ƙaramar sakandare Abbanmu ya sayo mana na'urar CD, ni da Yayata muka yi ta kallon fim ɗin nan har faifan ya kakkarce yana tsayawa. Lokacin ba a fara fassara su da Hausa ba, ba ma jin ko kalma ɗaya, amma mun haddace waƙar tsaf. Sai daga baya muka ji ma'anar sunan, wai gobe ko ta zo ko kada ta zo.

Ashe ba Sharukhan ke rerawa ba, bin baki yake yi, kamar yadda ake yi a finafinanmu na Kano, wani ya rera a situdiyo wani ya hau. Mai muryar sunansa Sonu Nigam. Shi ne a watan Afrilun 2017 ya rubuta a Twitter cewa shi ba Musulmi ba ne amma kiran sallar asuba ke tashinsa daga barci, yana tambayar yaushe za a daina tilasta wa mutane addini a Indiya. Tsohon labari ne, wani abokin maigidan nawa ya tono shi ya tura musu a WhatsApp, shi ke nan ya shigo gida yana huci, ya tarar ina ninke kayan yara waƙar tana tashi ƙasa-ƙasa.

Wallahi ni ma da na ji maganar raina ya ɓaci. Ladanin masallacin layinmu ne ke tashina kullum, ni nake tashin maigidan ma, wani lokaci sai na yayyafa masa ruwa. Ba kare mutumin nan nake yi ba. Amma na ari wayar ƙanena na duba, na ga ya fito daga baya ya ce shi da lasifika yake, har da ta wuraren bautar Hindu. Da wani malami a can ya sa tukwicin rupi miliyan 1 ga duk wanda ya aske masa kai, shi da kansa ya kira wani Musulmi ya yi masa askin. Ya kuma sha faɗin cewa marigayi Mohammed Rafi, wanda Musulmi ne, shi ne ubangidansa a waƙa. To amma a wajen duban nan na ci karo da abin da ya fi ɗaga min hankali, ban kuma gaya wa kowa ba sai ke. Wanda ya rubuta baitocin, Javed Akhtar, daga gidan Musulmi ya fito, amma da bakinsa yake cewa bai yarda akwai Allah ba, wa'iyazubillahi. Shi ma a 2020 ya ce a daina kiran salla da lasifika. Baitocin da na fi shekara 20 ina rerawa a kicin, ashe daga wannan zuciyar suka fito. Daren da na karanta sai da na tashi na yi alwala na yi ta istigfari.

Na manta ban gaya miki ba, Yayar tawa ta rasu bara. Ciwon zuciya ne ya kama ta bayan haihuwarta ta huɗu, tana cikin wankan jego ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai an jera mata matashin kai uku. Ni na yi jinyarta a asibiti. Wata rana da yamma ta ɗan samu sauƙi, ta ce in sa mata waƙarmu. Na sa, ta riƙa bi a hankali, numfashinta yana yankewa tana dariya don ta manta wani baiti, ni kuma na danna na naɗi muryarta. Minti biyu ne da ɗan wani abu. Bayan kwana 9 ta cika. Wannan muryar tana cikin memorin da ya karya, da hotunanta, da saƙonnin da take turo min. Ba ni da su a ko'ina. Na kai wa masu gyaran waya mutum uku, kowa ya juya shi ya ce babu yadda za a yi.

Ya san da muryar a ciki, Anti. Yanzu yana cewa bai sani ba, amma ya sha ganina ina saurare ina kuka. Da ma can bai taɓa son Yaya ba, don ita ce mai faɗa masa gaskiya in ya ƙuntata min, ko zaman makokinta wuni ɗaya ya yi ya ce kasuwa na jiransa. Kuma mutumin nan duk Asabar da Lahadi yana gidan kallon ƙwallo, 'yan wasan da yake yi wa ihu wasunsu da tallan kamfanin caca a ƙirjin rigarsu, bai taɓa tambayar abin da suka yarda da shi ko abin da suke faɗa a kan Musulmi ba. Laifi tudu ne. Da na faɗa masa haka sai ya ce ƙwallo motsa jiki ce, waƙa kuwa zuciya take shiga. Na yarda na ce masa Allah ya isa, kuma a cikin kokawar karɓar wayata tasa ta faɗi gilashin ya tsage, amma ba da gangan ba ne. Bai sake ni ba, ni na ɗauki ƙaramin na taho. Manyan biyu suna wajen Hajiyarsa, wadda ta aiko wa Ummanmu cewa a kan waƙar arna zan kashe aurena.

Na san akwai malaman da ke cewa kiɗa gaba ɗaya haramun ne, ba wannan nake tambaya ba, don da shi ne dalilinsa da ya hana ni tun shekara 9 da suka wuce, kuma da bai riƙa sa waƙoƙin Hausa a motarsa ba. Abin da nake son sani, in mutum ya faɗi mummunar magana, abin da ya yi mai kyau shi ma ya ƙazantu ke nan? Ni a shagon masu turi aka sa min waƙar, ko kwabona bai shiga aljihun mawaƙin ba, ko da yake ƙanena ya ce in na kalla a YouTube masu ita suna samun kuɗi. Jiya na buɗe ta a wayarsa, muryar na fitowa na tuna maganar kiran salla na kashe, sai kuma na ji kamar Yaya na kashe wa baki. Shin na yi zunubi da na sa mata ita a kwanakinta na ƙarshe maimakon karatun Alƙur'ani? Muna sa mata karatun kullum, ranar ce kawai ta roƙa.

Kawun maigidana ya ce za su zo biko ranar Laraba. Abba ya ce in sun zo in bi su, kada ya ji wata magana. Ni kuma har yau bai ce min yi haƙuri ba, ko a saƙo. In na koma, in yi shiru ke nan kamar ba a yi komai ba? Ɓarin memorin guda biyu na tsince su daga shara a daren, suna ƙulle a bakin gyalena. In akwai mai sauraro da ya san inda ake iya ciro abin da ke ciki, don Allah ya faɗa miki ki sanar a shiri na gaba.

Taki,
mai sauraronki daga Zariya