Wasiƙa zuwa ga Habibu, kan waƙar da ta ƙi zuwa

Victoria, Kanada

Aminina Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya sanyin Ankara? Mu nan yayyafi ne ba dare ba rana.

Saƙonka na ƙarshe ya tsaya mini a rai, inda ka ce tun saukarka Turkiyya ko baiti ɗaya ya gagare ka, har kana tsoron baiwar ta gudu. Ka yafe ni, dariya na yi, don a 'yan kwanakin nan labarin wata mata nake karantawa wadda ta yi irin ciwonka, kuma a garin nan ta ƙare rayuwarta. Sunanta P.K. Page.

A Ingila aka haife ta a 1916, aka kawo ta Kanada tana 'yar mitsitsiya. Ta yi suna a Montreal a shekarun 1940, sannan kundin waƙoƙinta na 1954, The Metal and the Flower, ya ci lambar Gwamna-Janar, babbar lambar adabi ta Kanada. Mijinta Arthur Irwin jakada ne, ta bi shi Ostareliya, a 1957 kuma aka tura su Burazil. To a can Rio de Janeiro ne waƙa ta ɗauke mata. Duk inda ta juya Fotugis take ji, harshen da take koyo kamar yarinya. Ka ji fa, mace da ta ci babbar lambar ƙasarta!

Abin da ta yi ne ya sa na ɗauki biro na rubuto maka. Ba ta zauna zaman makoki ba. Ta ɗauki alƙalami ta shiga zana abin da ke gabanta: ɗakunan gidan jakada, bishiyoyi, lambu. Tana sa hannu da sunan aure, P.K. Irwin, kai ka ce wata ce daban. Da suka koma Meksiko ta ƙulla ƙawance da mai zane Leonora Carrington, ta koyi haɗa launi da kwanduwar ƙwai. Sai da suka dawo nan Victoria a 1964 waƙa ta fara leƙo ta, kundi na gaba bai fito ba sai 1967. Shekara 13 tsakanin littafi da littafi. Kai naka wata takwas ne kake ta ƙorafi.

Ni dai waƙoƙinta na tsufa sun fi burge ni a kan zanen, kuma na san kai ma za su kama ka. A 1994 ta fitar da Hologram, wanda ta gina kan wani tsohon salon Sifaniyawa da ake kira glosa. Ka aro layi 4 daga waƙar wani, ka yi baiti 4 masu layi goma-goma, kowane baiti ka rufe shi da layi ɗaya na aron. Ina ganin haka na tuna da tahamisi, wato ƙara layuka a kan baitin wani har su cika biyar, yadda Ibn Mahib ya yi wa waƙar Alfazazi har muka sami Ishiriniyar da kakarka ke rerawa da asuba. A cikin kundin Hologram ɗin akwai waƙar Planet Earth, da ta ɗora kan layukan mawaƙin ƙasar Chile Pablo Neruda, inda take cewa a so duniyar nan kamar yadda mai wanki da guga ke tarairayar kayan da ke hannunta. Majalisar Ɗinkin Duniya ta zaɓe ta aka karanta a wurare daban-daban a 2001. Ta rasu a Janairun 2010 tana da shekara 93.

Don haka ga aikin da na ba ka. Ka aro layi huɗu daga duk waƙar da ka haddace tun muna makaranta, ka gina a kai. In ya ƙi, ka zana mini tagar ɗakinka, ko da na kaza-ta-taka ne, ka turo ta WhatsApp.

Ka gaida Hajiya idan kun yi waya, ka ce mata yajin da ta ba ni ya kusa ƙarewa.

Naka har kullum,
Sani