A auna kafin a tura mai mota sayen batir

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana da masu tsofaffin motoci, da kuma 'yan uwana masu gyaran wayar mota, wato 'yan riwaya. Sana'ata ke nan a Kaduna, a cikinta na girma, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Da zarar mota ta ƙi tashi da safe, sai a ce batir ya mutu, a tura mai ita kasuwa ya sayo sabo. A wannan tsadar rayuwa, kuɗin batir ɗaya cefanen gida ne na kwanaki masu yawa. Abin takaici, sau da yawa sabon ma bayan 'yan makonni sai ya kwanta, domin tun farko ba batir ne mai laifin ba.

Batir kamar randa yake, altaneta kuwa, na'urar da ke caja batir in inji na aiki, shi ne mai ga-ruwa. In ka tarar da randa ƙaf, ko dai ta tsage, ko mai ga-ruwa bai zo ba, ko kuma wani na ɗiba da dare. Ba a sanin wanne ne sai an auna, kuma mitar auna wuta kuɗinta bai kai ko kusa da na batir ba.

Da safe kafin a tayar da mota, lafiyayyen batir mai cikakken caji zai nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. In ya nuna 12.2 ya yi rabi. Ƙasa da 12 kuwa ya sauka, amma sauka daban, mutuwa daban: a kai shi caji tukuna. Sannan a bar mitar a kai, wani ya murɗa makulli. In wutar ta faɗi ƙasa da 9.6 lokacin da kik, wato na'urar tayar da mota, ke juya inji, alhali an cika batirin, to lallai ya gaji. Bayan mota ta tashi, mita ta nuna tsakanin 13.8 da 14.5. In ta tsaya a 12 da ɗoriya, altaneta ba ya caji, kuma ko sabon batir dal aka sa, shanye shi motar za ta yi. In ta haura 15, regileta, mai daidaita ƙarfin wutar altaneta, ya lalace yana dafa batirin, za ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, ka ga ruwansa na ƙarewa da wuri.

Kunne ma yana aiki. Ka murɗa makulli ka ji "kat-kat-kat" da sauri, fitilu na dusashewa, wuta ce ba ta isa kik. Ka ji "ƙas" sau ɗaya tak, fitilun gaba na nan da haskensu, a duba kik ɗin kansa, burushinsa ko solonaid. In kuwa inji na juyawa garau amma ya ƙi kamawa, a ƙyale batir, a koma wajen mai da fulogi.

Mafi yawan motocin da ake turo mini, ciwonsu a kan batir yake, wato inda waya ta kama shi. Ka buɗe bonet ka tarar da farin gari mai ɗan kore ya lulluɓe kan, maɗaurin ya saki, an cusa ƙusa ko guntun gwangwani an buga da dutse. Ta nan ake so wutar da za ta juya inji ta bi! Haka wayar at, wadda ta tashi daga batir zuwa bodi da inji, ta yi tsatsa ko rabin gashinta ya tsinke. A murɗa makulli na ɗan lokaci sannan a taɓa wayoyin a hankali, inda ya ɗauki zafi nan wuta ke maƙalewa. Maganin ba shi da tsada. A kashe mota, a fara cire baƙar waya, a wanke kan da ruwan ɗumi da 'yar kanwa ba tare da ya shiga cikin batirin ba, a kankare, a ɗaure tam, a shafa giris. Fanbel ma a danna shi da yatsa. In ya yi sako-sako yana kuka da safe, altaneta ba zai yi caji yadda ya kamata ba.

Akwai wani abu da matasan 'yan riwaya da yawa ba su sani ba. A wasu tsofaffin motoci, har da wasu Peugeot 504 da 505, waɗanda aka riƙa harhaɗawa a nan Kaduna, inda kamfanin ya fara aiki a 1975, 'yar jan fitilar batir da ke dashbod ta cikinta wuta ke bi ta tayar da altaneta. In ƙwan ya ƙone, altaneta ba ya fara caji sai an taka totur sosai, wani ma ba ya yi sam. Wani dattijo mai ɗaukar kayan gwari a 504 fikof ya zo mini bayan an sa shi ya sayi batir, an kuma sa shi ya sayi altaneta ɗan Kwatano. Na buɗe makulli, jan fitilar ba ta kama ba. Ƙwai na canza, mita ta hau 14. Har yau in na tuna yadda ya tsaya yana kallon ɗan ƙwan nan a tafin hannunsa, raina ɓaci yake yi.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne al'adar cire kan batir mota na kunne, wai don a gwada caji, in ba ta mutu ba altaneta lafiya. Wannan gadon zamanin dainamo ne, wato na'urar cajin da ake sa wa motoci kafin zuwan altaneta. Batir shi ke shanye tsallen da wuta ke yi, in aka cire shi wutar na iya ƙona diyod na altaneta, a motocin shekarun 1990 irin Golf 3 da Corolla da Honda Accord kuma har ƙwaƙwalwar motar. Gwajin ma ba ya faɗin gaskiya, don altaneta mai rauni na iya riƙe inji ya kasa cika batir. Mai mota, in ka ga an nufi kan batirinka da sifana mota na kunne, ka ce a dakata.

In an auna komai lafiya amma mota na kwana ta tashi ba wuta, ɓarawon dare ake nema: rediyon da aka haɗa kai tsaye da batir, fitilar but da ba ta mutuwa, ko na'urar tsaro da aka liƙa barkatai. A sa mita, a riƙa cire fiyus ɗaya bayan ɗaya har a kama layin. Ruwan batir kuma, zafin bazara ke ƙafar da shi, sanyin hunturu ya tona asiri. A ƙara tataccen ruwan batir kawai, ban da asid, ban da ruwan rijiya, kuma kada a haska ciki da ashana, iskar da ke fita tana kama wuta.

Ina kira ga shugabanninmu na ƙungiyar makanikai ta NATA da duk maigidan da ke da yara a gareji, kada a yaye yaro sai ya mallaki mita kuma ya iya karanta ta a gaban mai mota.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Mai gyaran wayar mota,
Kaduna